Kwanon Kirsimeti: Abinci da Maƙwabtaka a Birnin Kebbi da Kewayenta

Masu nazarin al'adunmu sun daɗe suna rubutu a kan bukukuwan Sallah, da na aure da suna, da wasannin kaka irin su dambe da kokawa da kalankuwa. Amma da wuya a sami wanda ya tsaya ya dubi Kirsimeti, wataƙila don ana ɗaukarsa baƙon biki ne wanda ba ruwan Bahaushe da shi. Mu kuwa muna ganin bikin da ake yin addu'arsa da waƙarsa da gaisuwarsa cikin harshen Hausa, ake kuma dafa abincinsa da shinkafar fadamar Rima, ya cancanci a dube shi. Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, daɗin Kirsimeti a ƙasar Kabi ya rataya ne a kan wani ƙaramin abu, watau kwanon abincin da ke fita daga gidan Kirista ya shiga gidan maƙwabcinsa, kuma wannan kwano ɗan gida ne, ba daga Turai aka zo da shi ba.

Masu bikin da lokacinsa

Kiristocin Birnin Kebbi iri biyu ne in an duba asali. Akwai 'yan ƙasa, galibi daga ƙasar Zuru da Yawuri, inda 'yan mishan suka yi aiki tun zamanin Turawa. Akwai kuma 'yan kudu, Ibo da Yarbawa da sauransu, waɗanda kasuwanci ko aikin gwamnati ya kawo. Yawansu ya ƙaru bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, lokacin da ma'aikata suka taso daga Sakkwato suka tare a sabuwar hedikwata. Hausa ce ke haɗa yawancin 'yan ƙasar a majami'a, kuma tun 1932 suke da cikakken Littafi Mai Tsarki a cikin harshen.

Ranar 25 ga Disamba kuwa tana faɗowa a tsakiyar hunturu, an gama kaka. Gero da dawa sun shiga rumbu, an yanke shinkafar damina, ruwan fadama ya fara ja da baya, kifi ya yawaita a kasuwa. Watau dai lokaci ne da tun fil azal mutanen wannan yanki suke da abin hannu da kuma sararin yin shagali. Dakarkari suna yin bikinsu na Uhola bayan girbi, haka nan bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara yi da sigarsa ta yanzu a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, da rani ake yinsa. Sallah tana yawo cikin shekara saboda kalandar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, har a shekarar 2000 Ƙaramar Sallah ta zo kwana biyu bayan Kirsimeti. Shi kuwa Kirsimeti kullum a kaka yake, don haka ya gaji ɗabi'un bukukuwan kaka.

Tukunya da wuƙa

Shiri yakan fara tun da nisa. Mata su yi adashi, maza su haɗa kuɗi a sayi sa a yi watanda, watau a yanka a kasa naman daidai kuɗin kowa. Tela ba ya barci a makon, kamar dai jajiberin Sallah. Kwana biyu kafin ranar ake suyar cincin, ƙamshinsa kuwa shi ke fara sanar da yaran unguwa cewa abu ya ƙarato.

Uwar abincin ranar ita ce shinkafa, ko dai fara da jar miya, ko dafa-duka. Wannan abin lura ne. A wurare da yawa na Nijeriya shinkafa a da abincin biki ce, sai ranar Lahadi ko Kirsimeti ake ganinta. A nan kuwa Bakabe ya tashi da tuwon shinkafa da masa, don haka abin da ke nuna biki a wurinsa shi ne yawan nama da maiƙon miya, da kifi a gefe, tarwaɗa ko ƙarfasa, ko yankan giwan ruwa ga mai hali. Har ma shinkafar Kabi ta taɓa ciyar da bikin wasu: a watan Disamba na 2016, gab da Kirsimeti, aka ƙaddamar da shinkafar haɗin gwiwar jihohin Legas da Kebbi, ana sayar da buhu mai kilo 50 a kan naira 12,000.

To, amma wurin da ya fi dacewa mu tsaya shi ne wurin yanka. Magidanci Kirista da ya sayi akuya ko kaji sau da yawa ba ya ɗaukar wuƙa da kansa. Sai ya aika a kira mahauci, ko ya roƙi maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa. Addininsa bai tilasta masa haka ba. Yana yi ne don kada kwanon da matarsa za ta aika gidan malam ya zama abin ɗari-ɗari. Ashe ke nan tun kafin a ɗora tukunya an riga an sa maƙwabci cikin lissafi. A gidajen da ake shan burkutu ko giyar kwalba ma, akan ware kunun zaƙi da zoɓo da lemo saboda baƙin da ba sa sha.

Da an taso daga majami'a, inda 'yan Zumuntar Mata suka yi waƙa da kiɗan tulu da caki, sai a fara rabo. Yara sanye da sababbin kaya su ɗauki kwanuka, gida-gida. Yarinya ta durƙusa ta ce, "Mama, wai in ji mamarmu a kawo muku." Uwar gida ta ce, "Madalla, an gode, a ce mata barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana." Ba a mayar da kwano haka nan, a wanke shi, a saka goro ko gyaɗa ko 'yan kuɗi na tukuici. Duk wanda ya san rabon naman layya da tuwon Sallah ya ga cewa tsari ɗaya ne, har kalmomin gaisuwar. Bikin ya zo da ranarsa da ma'anarsa ta addini daga waje, amma ladabin ba da abinci da karɓarsa a nan ya tarar da shi.

Abin da Sikotilan ke koya mana

Domin mu gane ƙarfin irin wannan al'ada, yana da kyau mu leƙa wata ƙasa mai nisa, wadda ba baƙuwa ba ce a tarihinmu, tun da Kyaftin Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 ya kuma rasu kusa da Sakkwato a 1827, mutumin can ne. Sikotilan ƙasar Kirista ce, amma bayan gyaran addinin da aka yi a 1560 shugabannin majami'arta sun ƙi bikin Kirsimeti, a kan hujjar cewa ba a umarci a yi shi ba a Littafi Mai Tsarki. A 1640 majalisar dokokinsu ta soke hutun lokacin. Sai a 1958 ranar ta zama hutu ga kowa, kafin nan mutane da yawa aiki suke zuwa.

Me talakawa suka yi? Sai suka kwashe shagalinsu suka kai daren shiga sabuwar shekara, wanda suke kira Hogmane. A share gida, a kwashe toka, a yi ƙoƙarin biyan bashi kafin ƙarfe 12 na dare. Da sabuwar shekara ta shigo, sai a fita ziyarar maƙwabta, kuma suna ba da muhimmanci ga wanda ya fara sa ƙafa cikin gida. An fi so ya kasance dogo mai baƙin gashi, ya zo da gawayin kwal, da gishiri, da wata gurasa mai zaƙi, da ɗan abin sha, alamar fatan kada wuta ta mutu a murhu, kada kuma abinci ya yanke. Hukuma ta iya hana rana, amma shiga gidan maƙwabci da abu a hannu cikin tsananin sanyi ya ci gaba. Mu kuwa namu sanyin bai kai nasu ba, sai dai wanda ya taɓa kwana a bakin Matan Fada cikin Disamba ba zai raina shi ba.

Inda gizo ke saƙa

Doka ba ta hana kwanon Kirsimeti a Kabi ba, amma akwai abubuwan da ke rage masa tafiya. Na farko shi ne tsada. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, farashi kuma ya yi ta hawa a shekarun da suka biyo baya, musamman bayan janye tallafin man fetur a 2023. Gidan da a da yake fitar da kwano goma, sai ya koma yana lissafin na wa za a bari. Ga kuma rashin tsaro a kudancin jihar, wanda sace ɗaliban makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ya bayyana wa duniya. Tafiya gida Zuru don biki, wadda a da ba a ko shawara, ta zama abin da iyali ke zama su tattauna.

Akwai kuma batun fatawa. Malamai sun yi saɓani: wasu suna kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abincin Ma'abota Littafi, da kuma haƙƙin maƙwabci, wasu suna ganin abincin da aka dafa saboda bikin wani addini hukuncinsa daban ne. Wannan ba fagenmu ba ne, ba za mu yanke hukunci ba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, ko a gidajen da ba za a ci ba, dattawa sukan karɓa da godiya su ba da tukuici, domin a al'adar Bahaushe mayar da kwano da abincinsa zagi ne.

Amma a ganinmu babban abin tsoro shi ne yadda zama yake canjawa. A tsofaffin gidajen ma'aikata da barikin 'yan sanda da gidajen haya, ƙofa na kallon ƙofa, famfo ɗaya ake ɗiba, yaro ya san sunan kowace uwa a layin. Sababbin unguwanni kuwa katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, kuma mutane sun fara zaɓen fili kusa da masu addini irin nasu. Kwano ba ya hawa mota, da ƙafar yaro yake tafiya, iyakarsa gida biyar ko shida. Idan duk gidajen nan shida na masu addini ɗaya ne, matar gida za ta dafa, mahauci zai yanka, yara za su yi rabo kamar kullum, amma babu kwanon da zai tsallaka. Wanda ke son ya auna wannan canji sai ya tambayi iyaye mata a unguwanni dabam-dabam na Birnin Kebbi da Argungu kwano nawa suka fitar a Kirsimetin da ya wuce, gidajen wa suka shiga, nawa kuma suka dawo musu da nama ranar Babbar Sallah.