Yadda Matata Ke Rarrabe Ɗanyen Mai

Ɗanyen mai cakuɗe ne na sinadarai masu yawa, kowanne da zafin da yake tafasa, kuma a kan wannan bambanci aikin matata ya dogara. Ana dafa man har ya kai kusan digiri 350 a ma'aunin Salsiyas, sai a tura shi cikin doguwar hasumiya mai hawa-hawa, wadda gindinta ya fi samanta zafi. Tururin na hawa yana hucewa, kowane sinadari na komawa ruwa a hawan da ya dace da shi: dizal ƙasa-ƙasa, kananzir a tsakiya, fetur can sama. Iskar gas ta girki kuwa ta ƙololuwar hasumiyar take fita. Mai kaurin da ya kwanta a gindi ba a zubar da shi. Sake tace shi ake yi a samu baƙin mai da kwalta.