Wa Ke Koya wa Malamin Jami'a Aikinsa?

Ƙannenmu da ke makarantun sakandare, kun san irin horon da malamanku ke sha kafin su tsaya gabanku. Da yawansu sun yi NCE ko digiri a fannin ilimi, sun fita koyarwar gwaji, kuma har gobe shugaban makaranta ko mataimakinsa na duba littafin shirin darasinsu. A jami'a lamarin ya sha bamban. Akasarin malamanmu ana ɗaukarsu ne saboda ƙwazon da suka nuna a fanninsu, ko kimiyyar sinadarai, ko shari'a, ko aikin injiniya, ba tare da sun taɓa zama ajin koyon dabarun koyarwa ba. To wa ke nuna wa sabon lakcara hanya? Ina yake samun kuɗin ƙarin karatu da na bincike? Wa ke duba ko yana yin aikin daidai?

Mu da muka riga ku shiga jami'a mun ga ya kamata ku san amsoshin nan tun yanzu. Dalili kuwa shi ne, ingancin digirin da za ku samu nan da 'yan shekaru ya rataya ne a kan irin tallafin da malamanku ke samu. Idan rijiya ta ƙafe, guga ba shi da abin ɗebowa. Sannan muna da yaƙinin cewa a cikinku akwai waɗanda wata rana su ne za su riƙe allin.

Matakala mai hawa bakwai

Aikin koyarwa a jami'o'in Najeriya tsani ne mai hawa bakwai. A ƙasa akwai mataimakin malami mai digiri na farko, wanda yawanci ɗalibi ne da ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, jami'a ta riƙe shi. Daga nan sai mataimakin lakcara, wanda ake buƙatar ya mallaki digiri na biyu. Sai lakcara mai daraja ta biyu, sai mai daraja ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sannan farfesa.

Ba a tsallake hawa don tsufa ko don sanayya da wani. A ƙa'ida, malami kan shafe aƙalla shekara 3 a kan mataki kafin a duba batun ƙara masa girma, kuma sai ya gabatar da shaidar abubuwa uku: koyarwa, da bincike, da hidimar al'umma. Shaidar bincike ita ce maƙalun da ya wallafa a mujallun ilimi, waɗanda wasu masana ke tantancewa kafin a buga. Idan aka zo matakin mataimakin farfesa da na farfesa, jami'a ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Takan tattara rubuce-rubucen mutum ta aika wa farfesoshin wasu jami'o'i, su karanta su faɗi ko ya cancanta. Duk waɗannan sharuɗɗa suna rubuce a cikin kundin ƙa'idojin aiki da kowace jami'a ke da shi, kuma shi ne jagora na farko ga sabon malami.

Na gaba, idon na baya

Kundi ba ya magana, saboda haka jagoran gaske shi ne sashen da malami yake. Kowane sashe na da shugaba, wanda ke raba darussa a farkon zangon karatu. A sassa da dama ana haɗa ƙaramin malami da babba a kan darasi ɗaya, domin ƙaramin ya ga yadda ake tsara lakca, da yadda ake fitar da tambayoyin jarrabawa, da yadda ake ba da maki. Akwai kuma taron ƙara wa juna sani, inda malami ke gabatar da bincikensa abokan aikinsa su yi masa tambayoyi, wani lokaci masu zafi. Mu ɗalibai mukan zauna a baya mu ga yadda ake gyara wa wanda ke gyara mana, kuma darasi ne babba.

Tambayoyin jarrabawa ma ba sa zuwa hannunmu kai tsaye daga teburin malami. Sashe na duba su, kuma a ajin ƙarshe akan gayyato wani babban malami daga wata jami'a ya duba tambayoyin, da yadda aka ba da maki, da kundayen binciken ɗalibai. Bayan haka sakamako ya bi ta taron sashe, ya je na tsangaya, sannan ya isa majalisar malaman jami'a, wadda ita ce ke da ikon amincewa da shi. Wannan tsari kariya ce ga ɗalibi daga zalunci, kariya ce kuma ga malami daga zargi.

Hukumar da ke shata layi

Sama da jami'o'i akwai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda aka kafa a 1962 a matsayin mai ba da shawara, ta samu cikakken ikon doka a 1974. Ita ce ke fitar da mafi ƙarancin abin da dole a koyar a kowane fanni. A watan Disamba na 2022 ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, wadda a cikinta hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Wannan ya ba malamai dama su shigo da darussan da suka shafi yankinsu, kamar noman rani ko kasuwancin kan iyaka.

Hukumar na kuma aika tawagar masana lokaci zuwa lokaci su tantance kwasa-kwasai. Sukan ƙirga malamai da matakansu, su leƙa ɗakunan gwaje-gwaje da na karatu, su duba takardun jarrabawar da suka wuce. A ma'aunin hukumar, malami ɗaya bai kamata ya ɗauki fiye da ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa ba, 20 a kimiyya, 10 a likitanci. Duk wanda ya taɓa shiga babban ɗakin lakca na 'yan aji ɗaya a jami'ar gwamnati, ya ga ɗaruruwan ɗalibai wasu a kan taga, ya san akwai tazara tsakanin ma'auni da abin da ke ƙasa.

Asusun TETFund

Idan kun taɓa ziyartar wata jami'a ko kwalejin ilimi ta gwamnati, da wuya ba ku ga gini mai ɗauke da rubutun TETFund ba. Asusun ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 1992. A 1993 aka kafa dokar harajin ilimi, wadda ta wajabta wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake fasalin asusun ya koma na manyan makarantu kaɗai, kuma daga baya aka ɗaga harajin har ya kai kashi 3 a 2023. Jami'o'i na karɓar rabin kuɗin da ake rabawa, kwalejojin kimiyya da fasaha rubu'i, kwalejojin ilimi rubu'i.

Gine-gine su ne ido ke gani, amma wani kaso mai muhimmanci na tafiya ne ga malamai kansu. Asusun na ɗaukar nauyin malami ya yi digiri na biyu ko na uku. Yana biya masa kuɗin halartar taron masana domin ya gabatar da maƙala. Yana ba da kuɗin ƙananan bincike a matakin makaranta, da manyan kuɗaɗe ta hanyar asusun bincike na ƙasa, inda malamai ke gasa da rubutaccen tsarin abin da suke son bincikawa. Yana kuma tallafa wa buga littattafai da mujallun ilimi. Wanda aka ɗauki nauyin karatunsa yakan sa hannu a kan alkawarin dawowa ya yi wa makarantarsa aiki na wasu shekaru. Abin lura a nan shi ne, makarantun gwamnati ne kaɗai ke cin gajiyar asusun, ban da masu zaman kansu.

Ɗakin karatu da cibiyoyin bincike

Malami ba ya koyar da abin da bai karanta ba. Shi ya sa ɗakin karatu, irin na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, yake da matsayi na musamman. A yau yawancin sababbin bincike a intanet ake samunsu, kuma mujallun ƙasashen waje na da tsadar gaske. Akwai shirin Research4Life da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa dubban mujallun lafiya da noma da muhalli kyauta ko a farashi mai rahusa, kuma ma'aikatan ɗakin karatu ne ke koya wa malamai yadda ake shiga.

Akwai kuma cibiyoyin da aka keɓe don bincike. Masanin tarihi na zuwa Gidan Arewa a Kaduna ya tarar da tsofaffin takardu. Mai nazarin siyasa na da Gidan Mambayya a Kano, wato gidan marigayi Malam Aminu Kano da ke ƙarƙashin Jami'ar Bayero. A jami'ar dai akwai Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, ɗaya daga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa. Daga waje kuma akwai guraben ƙaro ilimi irin su Fulbright na Amurka, da DAAD na Jamus, da na ƙungiyar Kwamanwel. Sannan babban malami da ya yi shekara 6 yana aiki na iya neman hutun shekara guda, ya tafi wata jami'a ya koyar, ya yi bincike, ya dawo da sabon tunani.

Inda gizo ke saƙa

Duk da wannan tanadi, ba za mu ce muku komai lafiya lau ba. Masu neman tallafi sun fi tallafin yawa. Malamin da ke da ɗaruruwan takardun jarrabawa a gabansa ba ya samun isasshen lokacin bincike, kuma in bai yi bincike ba, ba ƙarin girma. Wannan matsin ne ke jefa wasu hannun mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga ko me aka ba su ba tare da tantancewa ba. Ga matsalar wutar lantarki a ɗakunan gwaje-gwaje, ga albashin da tsadar rayuwa ta cinye, abin da ke sa ƙwararru da dama haɗa kayansu su nufi ƙasashen waje.

Saɓani a kan waɗannan batutuwa ne ke haifar da yajin aiki. ASUU, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana jayayya da gwamnati a kan aiwatar da yarjejeniyar 2009. A 2020 an rufe azuzuwa kusan wata 9, a 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Mutane na da ra'ayoyi mabambanta a kan wanda ke da laifi, amma kowa ya yarda cewa ɗalibi ne ke kwana a ciki, domin karatun shekara 4 kan koma 5 ko 6.

Abin da ya rage gare ku

Na farko, kafin ku cike fom ɗin JAMB, ku bincika ko kwas ɗin da kuke so ya samu amincewar NUC a jami'ar da kuka zaɓa. Hukumar na wallafa wannan bayani a shafinta na intanet, kuma malamin da ke ba ku shawara a makaranta zai iya taimaka muku. Kwas mai cikakkiyar amincewa alama ce ta cewa akwai malamai da kayan aiki daidai gwargwado.

Na biyu, ku fara koyon karatu da kanku tun yanzu. Malamin jami'a ba zai rubuta muku komai a allo ba. Zai buɗe muku ƙofa ne, ya ba ku sunayen littattafai, sauran aikin naku ne. Wanda ya saba shiga ɗakin karatun makarantarsa tun daga aji huɗu ba zai sha wahala ba.

Na uku, idan kun shiga, ku san cewa ku ma kuna cikin masu taimakon malami. Jami'o'i da dama na raba wa ɗalibai takardar auna koyarwa a ƙarshen zango. Ku cike ta da gaskiya, ba don ramuwa ko neman suna ba. Idan kuna da ƙorafi, akwai malamin da aka ɗora wa kula da ajinku, akwai shugaban sashe, akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Na huɗu, masu sha'awar wannan aiki su sani cewa hanyar na farawa ne daga zangon farko na shekarar farko, domin kowane maki na shiga lissafin sakamakon ƙarshe, kuma da shi ake zaɓen waɗanda za a riƙe. Yankinmu na buƙatar ƙarin malaman jami'a, musamman mata, da masu fannonin lissafi da likitanci da injiniya. Aiki ne mai buƙatar haƙuri, domin daga digiri na farko zuwa kujerar farfesa tafiya ce ta shekaru masu yawa. Amma duk likita, da alƙali, da injiniyan da kuke gani a garinku, ta hannun wani malamin jami'a ya biyo. In Allah ya kai ku wannan matsayi, ku riƙe na bayanku kamar yadda aka riƙe ku.