Takardar Neman Alfarmar Shiga Amurka

Akwai mutanen da dokar Amurka ta hana su shiga ƙasar, ko don wani laifi da aka taɓa hukunta su a kansa, ko don sun taɓa wuce wa'adin zamansu a can, ko kuwa don wata cuta mai yaɗuwa. Amma dokar shige da fice ta 1952, wadda ta rufe ƙofar, ita ce kuma ta bar 'yar kafa a sashe na 212, domin baƙon da zai yi ziyara ya koma gida.

Wanda ba ya bukatar biza, kamar mutumin Kanada, sai ya cika takarda mai lamba I-192. Mai bukatar biza kuwa, ofishin jakadancin Amurka ne zai miƙa roƙonsa gaba. Tun shari'ar Hranka ta 1978, abu uku ake aunawa, watau haɗarin shigarsa ga jama'a, da girman laifinsa na da, da dalilin tafiyarsa.

Kada a zaci talakawa kaɗai abin ya shafa. Nelson Mandela, har bayan ya shugabanci Afirka ta Kudu, sai da irin wannan alfarma yake shiga Amurka saboda jam'iyyarsa ta ANC, har 2008 da aka gyara doka.

To, malamai da akawuna, in an nemi shawararku, ku faɗi gaskiya. Izinin ba ya wuce shekara 5, kuma ba ya shafe hanin. Wanda ya ɓoye laifinsa a takarda, sabon hani ya jawo wa kansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.