Kwata Ta Toshe a Kurmi: Ƙofar Wa Za a Ƙwanƙwasa?

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Kurmi bayan an ɗauke ruwan sama ya san yadda lungunanta suke komawa: caɓi har idon sawu, ledar fiya-wata ta toshe kwata, masu rumfuna suna ta janye kaya. Kawuna yana sayar da takalman fata a can, a wajensa nake wuni in babu lakca. Damina uku muna mita a kan kwata ɗaya, kowa na cewa hukuma ba ta kula. Ranar da na ce, "Kawu, wai wa aka taɓa kai wa kukan nan?" sai ya yi shiru. Ashe ko layi ɗaya ba wanda ya taɓa rubutawa.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ga abin da na gano da na bi diddigi.

Kasuwar nan da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15 tana cikin Ƙaramar Hukumar Birni, ɗaya daga cikin 44 na jihar Kano. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, magudanan ruwa, bayan gida na jama'a da kwashe shara. Ke nan in ka kai kukan kwata sakatariya, haƙƙinka ka je nema. Kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, don haka kana da bakin tambaya.

Sai dai fa a cikin birni akwai hukumomin jiha da ke riƙe da wasu ayyukan, a nan mutane suke ɓatan kai. Tulin bola na REMASAB ne. Wanda ya yi gini a kan magudana ko ya ci hanya, KNUPDA ce ke da shi. Masu ajiye motoci su tare titi, KAROTA. Wayar wuta ta tsinko, KEDCO, kuma wannan ba a jira sai gobe. Maƙwabcin da ya sako ruwan masai cikin lungu kuwa, aikin duba-gari ne na sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Ta ina za a fara? Da mai unguwa, in a kasuwa ne kuma da shugabannin layi. Sau da yawa a nan maganar hayaƙin janareto ko ƙarar injin niƙa take mutuwa ba tare da an ɓata zumunci ba. In abin ya fi ƙarfinsu, sai kansilan mazaɓa, don aikinsa ne ya kai maganar majalisar ƙaramar hukuma.

Daga nan sai takarda. A rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ko hukumar da abin ya shafa, shafi ɗaya ya isa: sunan layi, alamar da za a gane wurin, tun yaushe, wace ɓarna ake yi, me ake so a yi. A haɗa da hoto da sa hannun mutanen layin, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi kwafi biyu, a sa su buga wa naku hatimi da kwanan wata. Wallahi wannan hatimin shi ne makaminku, ba mai ce muku "ba mu gani ba."

In an yi makonni shiru, a koma da kwafin a tuna musu. In har yanzu shiru, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha, akwai kuma gidajen rediyo, irin shirin Inda Ranka na Freedom.

Mu ma da namu laifin. Ledar da ta toshe kwatar daga hannunmu ta faɗa, kuma ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, yawancinmu barci muke ƙarawa.

Takardar layin su Kawu ni na rubuta, mutum 14 suka sa hannu. Rabin awa ta ɗauke ni, bai kai wahalar rahoton firaktikal ɗaya ba. Kai da kake hayar ɗaki kusa da makaranta, ke da kike zuwa daga gida, a layinku wa zai rubuta kafin damina ta sauka?