Gobara Sau Ɗaya Ta Ci, Bashi Kullum Yake Ci

Da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya iska takan juya a Kano, hazo ya rufe sama, leɓe ya soma tsagewa. A irin wannan lokaci duk wanda ya dubi ɓangaren mata a majami'a ranar Lahadi zai ga jarirai a goye sanye da hular ulu, da safa, da 'yar suwaita mai igiya a wuya, wasu kuma an lulluɓe su da shawul fari fat. Kowa yakan yaba kyan kayan, amma kaɗan ne suke tambayar hannun da ya saƙa su, balle su tambaya ko an biya mai hannun.

Wannan ne ya sa muka shiga Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na hukuma shi ne Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, a ƙaramar hukumar Fagge, muka zauna da wata 'yar'uwarmu gwauruwa wadda ta tsufa a kan wannan sana'a. Ba za mu faɗi sunanta ba domin ba ta so, kuma labarinta ba nata ne ita kaɗai ba. Mama muke ce mata, kamar yadda kowa a layinsu yake kiranta.

Yadda ranarta take

Mama ba ta da shago. Abin da take da shi shi ne benci da ɗan tebur a bakin shagon wani mai sayar da zare, da jakar da ba ta rabuwa da ita. A cikin jakar akwai kibiyoyin saƙa manya da ƙanana, da kwarashi, da almakashi, da awon tela, da wani tsohon littafin makaranta wanda za mu koma kansa nan gaba. Da safe takan hau Adaidaita Sahu ta sauka wajen Bata, ta ƙarasa da ƙafa. Kafin masu shaguna su gama shara ta riga ta yi layi goma.

Hannunta ba ya zama. Tana gaisawa tana saƙa, tana ciniki tana saƙa, idonta yana kan mai magana yatsunta suna kan aikinsu. Hular jariri takan gama ta a yini guda, suwaita ta ci kwanaki, shawul babba kuwa sai an yi makonni. Idan zarge ɗaya ya zame daga kibiya ba ta lura ba, to ramin zai yi ta gangarowa ƙasa kamar tsani, dole ta warware ta koma baya. Hausawa sukan ce mutum yana saƙa da warwara idan tunani ya hana shi barci. A wurin Mama wannan ba karin magana ba ne, aikin kowace rana ne, kuma a ganinta wadda ba ta iya warware aikinta da hannunta ba tare da ɓacin rai ba, ba ta koyi saƙa ba tukuna.

A zumuntar mata ta koya tun tana amarya, a zamanin da bayan an gama nazari da waƙa akan shimfiɗa tabarma a koya wa juna ɗinki da saƙa da yin sabulu. Da yawa daga cikin iyayenmu mata ta wannan hanya suka samu, su kuma daga matan mishan da makarantun 'yan mata na wancan lokaci.

Saƙa dai ba baƙuwa ba ce a Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo birnin a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yawan tufafin da ake saƙawa ana rinawa ana kai su har ƙetaren Sahara. Amma waccan saƙar masaƙa ce, ta zaren auduga. Saƙar kibiya daban take, zare ɗaya ne tak ake ta zargawa cikin kansa. Mafi tsufan kayan irin wannan saƙa da aka tono safunan auduga ne daga Masar, waɗanda suka kusa shekara dubu. Ashe abin da muke ɗauka na Turawa ne, a nahiyarmu aka fara ganin sawunsa.

Ra'ayoyin Mama

Mama mace ce mai ra'ayi, ba ta kuma ɓoye shi. Na farko, ba ta yarda a yaudari mai saye da sunan ulu ba. Abin da ake kira ulu a kasuwanninmu, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake yi da sinadaran man fetur, wanda aka fara sayarwa a Amurka wajen 1950. Yana da araha, yana wankuwa, asu ba ya cinsa, launinsa ba ya saurin kodewa. Amma yana da mugun aibi guda. Gashin tunkiya na gaskiya ba ya saurin kama wuta, shi kuwa wannan da ya ji wuta sai ya kama, ya narke, ya manne a fata. Saboda haka duk uwar da ta sayi suwaita a hannunta sai ta ja mata kunne kada ta zaunar da yaro kusa da kaskon garwashi ko murhu da rigar a jikinsa. Muna roƙon iyaye mata su riƙe wannan, gama lokacin sanyi shi ne lokacin jin ɗumi, shi ne kuma lokacin ƙuna.

Na biyu, mai son a yi masa babban aiki ya sayi zaren duka a lokaci guda. Zaren da aka rina yau da wanda aka rina wani watan, ko sunan launinsu ɗaya ne, idan aka haɗa su a riga sai an ga bambanci a rana. Na uku, ba ta sa wa rigar jariri ƙananan maɓallai ko duwatsun ado, domin duk abin da yaro ya cisge bakinsa zai kai.

Game da keken saƙa kuwa, ba ta gaba da shi. Tun 1589 wani Baturen Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa, masu saƙar hannu kuma ba su ƙare ba har yau. Masu keke su ne suke samun kwangilar suwaitar 'yan makaranta, ta kuwa yarda cewa a nan hannu ba zai kama ƙafar inji ba. Abin da take cewa kawai shi ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abubuwan da suka same ta

Babbar abokiyar gabar mai saƙa ita ce gwanjo. Da sanyi ya kama sai dilolin tsofaffin rigunan sanyi na ƙasashen waje su cika Ƙofar Wambai da bakin tituna, har ya zama kuɗin suwaitar gwanjo bai kai kuɗin zaren da za a saƙa sabuwa ba, balle ladan aiki. Mama ba ta ganin laifin talakan da ya sayi gwanjo. Abin da ya rage mata shi ne kayan jarirai, domin har yanzu uwa ba ta son ranar suna a ga ɗanta da abin da wani ya sa ya yar.

Sai tsadar zare. Ko zaren, ko sinadarin da ake yin sa, daga waje yake zuwa, saboda haka farashinsa yana bin dala. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kuɗin da yake cika jaka da zare ya koma ba ya cika rabinta, ga kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Kafin wannan ma, kullen korona da aka sa a Kano a watan Afrilun 2020 ya rufe kasuwa na makonni, aka daina taron suna, aka daina oda.

Amma ranar da ba ta mantawa ita ce Asabar 26 ga Maris 2016, jajibirin Ista. Cikin dare wuta ta tashi a Kasuwar Sabon Gari, ta ci har gari ya waye. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce shaguna wajen 3,800 suka ƙone. A ɗaya daga cikinsu Mama take ajiyar kayanta, watau zaren da ta saya da kuɗin adashi da kayan da ta gama ba a karɓa ba. Zaren roba kuwa ba ya barin ko toka mai kyau, sai baƙin dunƙule kamar kwalta. Abin da ya tsira shi ne jakar nan da ta tafi da ita gida domin ta ƙarasa wata hula. Da kibiya biyu da ragowar zare ta sake farawa, domin wuta ta ci kaya amma ba ta ci abin da yake cikin yatsu ba.

Yanzu kuma shekaru sun soma karɓar nasu. Ido ya rage, sai da tabarau, baƙin zare kuwa ta daina taɓa shi da yamma. Wuyan hannu yana yi mata zafi da sanyin asuba, daidai lokacin da aiki ya fi yawa.

Littafin bashi

Mun ɗauka a nan labarin asara ya ƙare, sai Mama ta ciro tsohon littafin nan ta buɗe mana. Shafi bayan shafi sunaye ne da kwanan wata da abin da aka karɓa. Wasu an soke su da biro, da yawa ba a soke ba. Akwai shawul ɗin da aka karɓa domin jaririn da yanzu yake makarantar firamare. Abin da ya sa muka sunkuyar da kai shi ne, mafi yawan sunayen ba na baƙin kasuwa ba ne. Baƙo yakan taya, ya biya, ya tafi. Masu bashin 'yan'uwa ne, waɗanda ake zama benci ɗaya da su ranar Lahadi.

Mun san yadda abin yake faruwa, domin mu ma ba mu kuɓuta ba. Ana fitowa daga sujada sai a tare ta a ce, Mama, a yi wa jikarki 'yar hula mana. Ba a maganar kuɗi, domin kunya. Idan ta kawo sai a ce Allah ya sāka, za a aiko. Ita ma kunya ta hana ta tambaya, kada a ce tsohuwa ta cika son kuɗi. Wanda ya biya ma sau da yawa kuɗin zare kawai yake lissafawa, kamar kwanakin da ta yi a sunkuye ba komai ba ne, tun da a ganinsa ai tana zaune ne kawai tana hira. A lissafin Mama, abin da gobara ta ci mata ta mayar da shi cikin 'yan shekaru, amma abin da yake cikin littafin nan ya fi shi yawa, kuma kullum ƙaruwa yake yi.

Kada a ɗauka Mama marowaciya ce. Kowace shekara takan ware ragowar zare ta saƙa ƙananan huluna domin bakwaini da jariran da iyayensu ba su da hali, gama jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, kansa kuma babba ne a kan jikin, ta nan sanyi yake saurin kama shi. Wannan kyauta ce da ta yi niyya, tana kuma murna da ita. Amma kyautar da mutum ya bayar da hannunsa daban, wadda aka ƙwata da sunan zumunci daban.

Abin da ya rage gare mu

Ga masu saƙa, shawarar Mama gajeriya ce. A fara aikin sanyi tun da damina, kada a jira hazo. A karɓi kafin alƙalami wanda zai sayi zare kafin a ɗora kibiya. A rubuta kwanakin da aiki ya ci, a sa musu kuɗi, a faɗi farashi tun farko ba tare da jin nauyi ba. Kada kuma a tara jari duka a ɗaki ɗaya.

Ga sauranmu kuwa, maganar ta fi wannan sauƙi. 'Yan mata suna kallon iyayensu. Yau da yawa cikinsu suna koyon kwarashi ta waya, suna saƙa jakunkuna da riguna da huluna suna tallarsu a Facebook da WhatsApp, abin kuma gwanin sha'awa. Amma yarinyar da ta ga uwarta ta tsufa a kan sana'a ba ta da komai sai littafin bashi, da wuya ta ɗauki sana'ar da muhimmanci. Idan muna so a ci gaba da samun mai saƙa wa jikokinmu, sai mu nuna cewa aikin hannu yana ciyar da mai shi.

Saboda haka kafin sanyin bana ya shigo, bari kowannenmu ya buɗe akwatin kayan yara ya duba. Idan akwai hula ko safa ko shawul da aka karɓa da alkawarin za a aiko, to lokacin aikowa ya yi. Mama ba ta bar wurinta ba, tana nan a kan bencinta daga safe har la'asar, littafin yana cikin jaka, biron sokewa kuma yana maƙale a jikinsa.