Bayan jarrabawar ATS, sai ina? Darasi daga Bacirawa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ban san nauyin wannan karin magana ba sai ranar da kawuna ya ajiye mini wata baƙar leda cike da takardu a zauren gidanmu da ke Bacirawa, ya ce, "To ɗan nan, ka ce ka gama karatun lissafin kuɗi, ga ranarka ta zo." A lokacin ban daɗe da kammala jarrabawar ATS ba, wato jarrabawar ƙananan akantoci da cibiyar ICAN ke gudanarwa, kaina kuma ya kumbura, ina jin babu wani lissafi da zai gagare ni a faɗin ƙaramar hukumar Ungogo.

Kawu ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Ya yi shekaru yana kai wa wani kamfanin abincin kaji masara, kuma duk lokacin da za a biya shi sai a zaftare kashi 5 cikin 100 da sunan haraji, kamar yadda ake yi wa 'yan kwangila a wancan lokaci. Ya haƙura da wannan. Sai ga takarda daga wani ofishin haraji ta ƙiyasta masa wasu maƙudan kuɗi da ake bin sa, kamar bai taɓa biyan ko kwabo ba. Na zauna na tsara masa shige da fice, na fitar da riba, na buga lissafin harajin da ya hau kansa daidai yadda aka koya mana. Amma da ya tambaye ni abubuwa uku, sai bakina ya mutu. Shin ya halatta a zaftare masa wannan kuɗi tun farko? Kuɗin da aka zaftare ina suka shiga? Kuma wa zai kai wa kuka?

Sai daga baya na gano cewa ƙa'idar wancan lokaci ta ware cinikin yau da kullum daga cikin abin da ake zaftare wa haraji, kuma an daɗe ana jayayya kan inda ciniki ya tsaya kwangila ta fara. Na gano cewa abin da aka zaftare ajiya ce da sunansa, wadda ya kamata a cire daga harajinsa na shekara in har yana da takardar shaida a hannu. Mafi ciwo, na gano cewa doka ta ba mai biyan haraji kwana 30 ya rubuta ƙorafi kan ƙiyasin da bai gamsu da shi ba, in ya wuce haka ƙiyasin ya zauna daram. Takardar kawu ta yi fiye da wata biyu a cikin ledar nan kafin ta iso hannuna. Ya biya, ya yi Allah ya isa, ni kuma na koma makaranta.

Na kawo wannan labari ne saboda ƙannenmu da ke kammala ATS a kowace shekara, waɗanda ke tsayawa a mararraba suna tambayar inda za su nufa. Shawarata gare su ita ce su dubi fannin haraji da idon basira, kuma zan faɗi dalilina.

Kafin nan, ya kamata mai karatu ya san cewa mu mutanen karkarar Kano ba baƙin haraji ba ne. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 akwai kuɗin ƙasa, da jangali a kan shanu, da kuɗin karofi a kan marina. Da Turawa suka zo sai suka tattara waɗannan, suka kafa baitulmali, suka kuma ɓullo da awon gonaki a gundumomin da ke kewaye da birni, inda jama'a suka yi yawa har ba a barin gona ta huta, sai dai a yi ta ɗauko mata taki daga birni a kan jakuna. Malaman da ke wannan awo da ƙafa suke auna gona, suna ƙirga takunsu, shi ya sa ake ce musu malaman taki. Kakana ya sha ba mu labarin yadda manomi zai tsaya a bakin gonarsa yana kallon malami yana tafiya yana motsa baki, ya rubuta abin da ya rubuta, manomi bai san ko an ƙara ko an rage ba. Ilimin lissafin yana hannun mai karɓa, shi kuwa mai biya ba shi da komai sai haƙuri.

Wannan ɗaci ne ya ba jam'iyyar NEPU ƙarfi tun kafuwarta a 1950, shi ne kuma ya sa talakawa suka yi ta murna lokacin da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano bayan hawansa mulki a 1979, kamar yadda Alhaji Balarabe Musa ya yi a tsohuwar Jihar Kaduna. An yi abin da ya dace da zamanin. Sai dai wannan tarihi ya bar mana wani tabo a zuci: mun tashi muna ɗaukar haraji a matsayin zalunci tsagwaronsa, mai karatunsa kuma ɗan koren azzalumai. Saboda haka muka bar fagen, alhali shi haraji bai bar mu ba, riga kawai ya sauya. Ya dawo a matsayin harajin albashi, da harajin VAT da aka fara karɓa a 1994 kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a 2020, da kuɗin shago, da kuɗin kasuwa, da kuɗin filaye. Gonar kakana da malamin taki ya auna, yau fulotai ce da shaguna da gidajen bulo, kuma kowane shago da irin takardar da ake kawo masa.

To, me ATS ke bai wa ɗalibi, me kuma ya rage masa? Cibiyar ICAN, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965, tana gudanar da wannan jarrabawa ne a ƙarƙashin tsarin haɗin gwiwar ƙungiyoyin akantoci na Afirka ta Yamma. Jarrabawar kashi uku ce, kowane kashi darussa huɗu, kuma amfaninta babba ne ga ɗan talaka, domin da takardar sakandare mai kyau ake shiga, ba sai an jira gurbin jami'a ba. Amma a cikin darussan nan goma sha biyu, ɗaya ne kacal ya keɓanta da haraji, shi ma abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne yadda ake buga lissafi da cike takardun shekara. Wannan ya isa mutum ya riƙe littafin kamfani. Bai isa ya tsaya gaban jami'in haraji ya ce masa sashe kaza bai ce haka ba.

Wannan giɓi shi ne aikin cibiyar ƙwararrun masana haraji ta ƙasa, CITN, wadda ta faro a matsayin ƙungiya a 1982, ta sami amincewar doka a 1992. A can ne ake shiga cikin dokokin kansu: harajin ɗaiɗaikun mutane, da na kamfanoni, da binciken haraji, da harajin ƙasa da ƙasa, da hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke. Wanda ya gama ATS yana da hanyoyi biyu a gabansa. Zai iya ci gaba da jarrabawar ICAN ta manyan akantoci, inda takardarsa ke rage masa matakin farko, sannan daga baya ya nemi zama mamba a cibiyar haraji. Zai kuma iya dosar jarrabawar CITN kai tsaye, ya nemi a duba takardunsa a ga darussan da za a ɗauke masa. Hanya ta farko ta fi tsawo amma ta fi faɗi, ta dace da mai burin binciken asusun kamfanoni. Ta biyu ta fi dacewa da wanda ya riga ya san cewa a haraji zai ci abinci, ko ma'aikacin hukumar tara kuɗin shiga da ke neman ƙarin girma. Ni ta biyun na bi, saboda ledar kawu ba ta bar ni na yi barci ba.

Ba zan yaudari kowa ba, karatun akwai wuya. Wanda ya saba da lissafi, inda amsa ɗaya ce tak, zai sha mamakin fannin da kalma guda a cikin doka kan juya hukunci. Dole Turancin mutum ya nuna, domin da shi aka rubuta dokokin, da shi kuma za a amsa tambayoyi. Ga kuɗin rajista da na littattafai da na darasin ƙarshen mako, ga aikin ofis, ga iyali. Na tuna yadda nake fita daga Bacirawa da sassafe ranar Asabar, in bi titin Katsina ta Kurna in shiga gari wajen darasi, in dawo bayan isha'i in ci gaba da karatu da fitilar caji saboda babu wuta. Na faɗi darasi ɗaya har sau biyu, kuma dalilin faɗuwar shi ne abin da nake so ƙannena su kiyaye: da tsofaffin takardun wani na yi karatu, alhali doka ta riga ta canza.

Wannan haɗari ya fi girma a yanzu. Daga 2019 zuwa 2023 an yi ta yi wa dokokin haraji kwaskwarima kusan kowace shekara. Sannan a ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokoki huɗu da suka fito daga aikin kwamitin Taiwo Oyedele, manyansu suka fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026. An haɗe tsofaffin dokokin harajin kamfanoni da na ɗaiɗaikun mutane da na VAT da wasunsu a cikin kundi guda. Hukumar FIRS ta koma NRS. An yafe haraji kan Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, mafi girman mataki kuma ya kai kashi 25 cikin 100 ga abin da ya haura Naira miliyan 50. An kawo rangwame kan kuɗin hayar gida, an kuma tanadi ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji. Duk wanda ya ɗauki littafin da aka buga kafin wannan sauyi ya shiga ɗakin jarrabawa da shi, ya yi wa kansa. A wani ɓangaren kuwa wannan dama ce ga matasa, domin tsoho da yaro a fagen duk sun koma ɗalibai a rana ɗaya.

Mu tuna kuma abin da ya faru a ƙarshen 2024, lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da tsarin rabon kuɗin VAT da aka fara gabatarwa. An yi ta muhawara a gidajen rediyo da majalisun hira, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu nawa ne muka karanta ƙudurorin? Mu nawa ne za mu iya zama da alƙaluma mu nuna abin da Kano za ta samu ko ta rasa? Yankin da ke da Dawanau da Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari bai kamata ya riƙa aron baki ba idan ana maganar haraji. Daga ƙarshe an daidaita, kason jihohi daga VAT ya tashi daga kashi 50 zuwa 55 cikin 100, na tarayya ya sauka daga 15 zuwa 10. Wannan na nufin idon jihohi zai ƙara buɗewa kan abin da ake saye da sayarwa a cikinsu, kuma ɗan kasuwar da ba ya ajiye rasit shi zai fi jin jiki.

A nan ne nake ganin gurbin ɗan ATS da ya ƙara da ilimin haraji. Ba dole sai ya sami kujera a banki ko a Abuja ba. Mai gidan bulo a Bacirawa, da mai injin casar shinkafa, da mai makarantar kuɗi, da mai shagon magani, duk suna bukatar wanda zai zauna da su a kan tabarma ya bayyana musu da Hausa abin da doka ta ɗora musu da abin da ta yafe musu, ya koya musu raba kuɗin cefane da kuɗin jari, ya kuma rubuta musu ƙorafi kafin kwana 30 su cika. 'Yan'uwanmu mata da suka yi wannan karatu suna da fagen da namiji ba zai shiga ba, wato matan da ke juya dukiya mai yawa daga cikin gidajensu.

Sai dai akwai sharaɗi. Ilimin haraji wuƙa ce mai kaifi biyu. Wanda ya koye shi don ya taya attajiri ɓoye dukiya, ko ya haɗa baki da jami'i a raba, bai bambanta da malamin takin da kakana ke kuka da shi ba, illa dai shi ya sa kwat. Amana ita ce jarin wannan sana'a. Aikin masani shi ne ya tabbatar mutum ya biya abin da ke kansa, ba ƙari ba ragi, sannan ya ba shi ƙarfin gwiwar tambayar gwamnati inda kuɗin suka tafi, domin mai rasit a hannu ya fi ƙarfin murya idan ana maganar magudanar ruwa da asibiti.

Ina kira ga attajiranmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar yara ko da biyu ko uku ne a kowace kasuwa, domin ribar za ta dawo kansu. Ina kuma kira ga waɗanda suka riga mu ƙwarewa da su ware ko da yammacin Lahadi su koyar da na baya.

Kawu ya tsufa yanzu, 'ya'yansa ke riƙe da rumfar. A watan jiya babbansu ya kira ni ya ce, "Yaya, an kawo wata takarda yau da safe, in kawo maka gobe?" Na ce masa ya kawo ta yau. Allah Ya sa mu dace.