Lissafin Da Ke Cikin Muryar Fiyano

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, waƙoƙin da ake haɗawa da fiyano mai lantarki a Kano sun cika wuraren biki. Kowace muryar fiyano lissafi ce. Ma'aunin da aka tabbatar a duniya cikin 1975 shi ne murya mai girgiza sau 440 a daƙiƙa. Idan aka ninka ta zama 880, sai a raba tsakaninsu mataki 12, kowanne ya ɗara na baya da kusan kashi 6 cikin ɗari.

Kalangu kuwa bai san mataki ba. Makaɗi yakan matsa igiyoyinsa, sauti ya hau ya sauka tamkar maganar Bahaushe, ya ratsa gurbin da maɓallan fiyano ke tsallakewa. Wajibi ne ɗalibai su auna wannan sauti tun masu shi suna raye.